Bakano Ya Yaye Auta

Bawana! Labari ya iso Zariya tun kafin ka buga min waya, domin abu biyu ne ba sa kwana a cikin Bakano: farashin atamfa idan ya tashi, da digirin ɗansa idan ya fito. An ce autanka ya gama, ya hau mota ya tafi bautar ƙasa, kuma tun daga ranar ba wanda ya shiga shagonka a Kantin Kwari ya fita bai ga hoton ba. Wata baiwar Allah ta taso daga Haɗeja sayen atamfar lefen ƙaninta, ta kwashe kusan sa'a guda tana kallon yaro cikin rigar yaye ɗalibai da hula mai geza, kai kuwa kana ta bayani kana jan hoton da yatsu biyu don ta ga gezar sosai, har direbanta ya gaji ya tafi sallah. Turmi shida ta zo saye, da biyu ta fita. Ban taɓa jin Bakano ya bar ciniki ya kama surutu ba sai a kanka, shi ya sa na ga wajibi ne a rubuta saboda na baya.

Kai ne fa mutumin da ya shekara kusan talatin yana kuka da makaranta. Duk wanda ya san ka ya san littafin nan mai baƙin bango da kake turawa ƙarƙashin teburin shago, wanda gabansa na masu bashi ne, bayansa kuma na 'ya'yanka. Ka rubuta kuɗin rajista, ka rubuta na handawut, ka rubuta na ɗakin kwana, har da wani layi da ka raɗa wa suna "ƙarya", inda kake zuba duk kuɗin da yaro ya nema, ba ka yarda da dalilinsa ba, amma ka bayar. Na taɓa leƙa layin nan. Ya fi na rajista tsawo. Duk farkon zangon karatu sai ka kira ni, ko gaisuwa ba ka ƙarasa ba, ka ce, "Malam, da a shadda na zuba kuɗin yaran nan, da yanzu rabin layinmu nawa ne." Ranar da makarantar rainon auta ta aiko da takarda wai a biya kuɗin rigar yaye, ga yaro ɗan shekara biyar da bai gama rarrabe takalmin dama da na hagu ba, cewa ka yi ƙafarka ba za ta taka wurin ba. Hajiya matarka ta ce kai ne a sahun gaba, kai ne kuma ka ɗaga shi sama har hular ta faɗi. Tun daga lokacin na daina ɗaukar kukanka da nauyi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda alkunya ta sha kashi a hannunka. Babban ɗanka, tun da aka yi masa huɗuba ba ka taɓa furta sunansa a gaban mutane ba. "Yaron nan" kake cewa, ko "wancan", ko ka yi gyaran murya kawai ya taho. Haka muka tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari: ba sa ɗaukarsa a gaban manya, ba sa yabonsa, in wani ya yabe shi ma sai su kau da kai su tambayi farashin gero. Ka riƙe wannan al'ada riƙo na gaske, na shaide ka. To sai yaro ya gama karatun injiniya, Allah ya kawo maka mafita. Har gobe ba ka faɗin sunansa na yanka, amma "Injiniya" kam ya shiga uku a bakinka, a ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki. "Injiniya ya kira jiya." "Injiniya ya ce kwalbatin can ba zai kai damina biyu ba." Ba wanda ya tambaye ka. Kuma idan aka ce maka barka, sai ka sunkuyar da kai, ka sassauta murya, ka ce, "Ai ƙoƙarin malamansu ne."

Mun gode da ka sani, Alhaji, domin malaman namu ne. Bari in tuna maka tarihi, tun da ba a sayar da shi a Kwari. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ita wannan Jami'ar Bayero da kuke tinƙaho da ita, wadda Injiniya da 'yarka likita suka fito daga cikinta, a wancan lokaci kwaleji ce a ƙarƙashin tamu, ana ce mata Kwalejin Abdullahi Bayero. Mu muka goya ta, mu muka yaye ta. Sai a 1975 ta fara tsayawa da ƙafarta, a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Saboda haka in kana neman wanda ya san yadda ake ji idan ɗa ya girma ya bar gida, ka tambayi Zazzau, mun riga ka da kusan shekara hamsin, kuma ba mu bi kasuwa muna tare mutane da hotonta ba. Murtala ma, wanda hotonsa ke kan naira ashirin ɗin da kake juyawa sau biyu kafin ka miƙa wa almajiri, a Barewa ya yi karatu, nan garinmu. Da hankali ya zo maka a kan auta, ai da kanka ka ɗauko shi ka biyo ta Kwanar Dangora ka kawo mana shi Samaru, kana ta gunaguni a hanya wai don dai kwas ɗin da yake so a nan ya samu. Na ji, na yi shiru saboda girman baƙo.

A digirin nan ina da kaso, kuma ba da wasa nake nema ba. Tsawon zamansa a Samaru, Juma'a ba ta wucewa bai sauka a gidana ba. Ya zo mana a rame, ɗan gurasa da garau-garau, yana ɗaga hanci idan an kawo fate, wai shi bai saba da abincin da ba a san ko ci ake yi ko sha ba. Kafin ya gama aji biyu shi ke leƙa uwargidana yana tambaya ko akwai saura a tukunya, har ya kai yana gane ranar da aka sa rama da ranar da aka sa yakuwa tun daga zaure. Ƙwaƙwalwar da ta ci jarrabawar nan da tsakin Zariya aka gina ta. Na san ƙorafinka, wai yaro ya dawo hutu yana cewa "Hajiya ya ce", mun ɓata masa Hausa. Mu karatu ke gabanmu, ba mu da lokacin tsayawa tantance mace da namiji a kowace jimla.

Karatun shekara huɗu ne ya ci shida, kuma ba laifin yaro ba ne. Bai daɗe da shiga ba sai ga korona a 2020, ga yajin aikin ASUU da ya kai wata tara, daga Maris zuwa Disamba. An koma ana murna, sai na 2022 ya zo, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A wannan zama ne ka hango damarka. Ka ja shi shago, ka danƙa masa almakashi, ka fara gaya wa maƙwabta cewa Allah ya yi maka magaji. Ni ban yarda ba ka yi addu'a a ɓoye kada a sasanta ba. Yaro bai rufa wata ba ya sayar wa wata mata shadda mai tsada a kuɗin ta gama-gari, saboda ta ce masa ita marainiya ce, matar da ta haura hamsin. Da kanka ka sallame shi, ka ce ya koma gida ya riƙe littafi ko da ba malami. Ranar da aka janye yajin aikin ka fi shi murna. Sannan da gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance a 2024, saura ƙiris auta ya gama, an ji ka a layinku kana cewa da gangan aka jira sai da ka gama biya.

Ita kuwa likita, wannan hukunci ne ya sauka a kanka, kuma da kuɗinka ka sayo shi. Shekara shida a takarda, ban da abin da yajin aiki ya ƙara, ban da shekarar horo a asibiti bayan rantsuwa. Ranar rantsuwar ka saka babbar rigar da ko a ɗaurin aurenka ba ka saka irinta ba, kuma da aka kira sunanta, Hajiya ta ce ka zaro hankici wai ƙura ce ta faɗa maka a ido, a cikin ɗakin taron da tagoginsa ke rufe. To me ta fara yi da ilimin? Ta naɗa maka abin awon jini a damtse, ta duba, ta girgiza kai, ta shige kicin ta yi ƙus-ƙus da mahaifiyarta. Daga ranar sukarin shayinka ya sauko daga cokali huɗu zuwa rabi, gishiri ya yi ƙaura daga miya, tsiren dare ya zama labari. Bakano ba bandashe! An ce yanzu yaron shago ke sayo maka gurasa a ɓoye, ka ci a bayan dilolin atamfa, ka kakkaɓe ƙuli-ƙuli daga gemu kafin ka ɗaga kiran bidiyo. Duk da haka ka buɗe naka asibitin a shago. Wanda ya yi tari a layinku ka ce, "Bari in tambayi Dakta." Wanda ya ce gwiwarsa na ciwo ka ce ya rage gishiri. Har mai shayin bakin ƙofa ka yi wa lacca a kan illar sukari, alhali kofin da ke hannunka shi ya haɗa maka, kuma ya san abin da ya zuba.

Ɗanka na uku shi ne ya taɓa ka inda ke maka ciwo, don haka zan taka a hankali. Kada ka ɗauka tausayinka nake ji, Hajiya ce ke karanta wannan shafi. Shi ne mai kan lissafi, shi ka ƙwallafa wa rai a kan shago. Ya karanto aikin akanta ya dawo, ya buɗe littafinka mai baƙin bango, ya ce a mayar da shi cikin kwamfuta, a riƙa ɗaukar hoton atamfa ana sawa a Instagram, a daina ba da bashi sai da takarda da sa hannu. Ka ce masa mutumin da ke tasowa daga Agadas ko Marwa ya ɗauki kayan miliyoyi da baki kawai, ya dawo bayan wata uku ya biya, ubansa ma haka ya yi da ubanka, wace takarda za ka miƙa masa ba ka zage shi ba? A nan, ko da yake yarda da Bakano na yi min ɗaci, kai ke da gaskiya. Shi ma yana da tasa, shi ya sa ya tattara ya tafi Ingila ƙaro digiri na biyu, inda yake karatu da rana, da dare kuma yana jera kaya a kan kanta a wani kanti. Ɗan mai shago a Kwari ya tsallaka teku ya zama yaron shagon Bature! Da na faɗa maka haka, ko gezau ba ka yi ba. Cewa ka yi ai da fam ake biyansa, ka zaro waya ka buga min canjin ranar a Wapa.

Abin da ba ka lura da shi ba, ko ka lura ka ƙi faɗa, shi ne ka daɗe kana yaye ɗalibai ba riga ba hula. Yaran da aka kawo maka daga ƙauye suna share shago, suka koyi ninkin atamfa, suka koyi gane 'yar Holan ta gaske daga jabu da taɓawa kawai, suka koyi cewa "albarka" ba tare da sun kori mai saye ba, daga baya ka sallame su da jari da addu'a. Wasunsu yanzu da kansu suke zuwa Chaina da Dubai su yo oda. Ko hoton ɗaya daga cikinsu babu a wayarka. Amma ranar rantsuwar Dakta su ne suka cika motoci suka biyo ka, su suka sayi shinkafar walima, kuma har yau kowace safiya sai sun biyo sun durƙusa sun gaishe ka kafin su buɗe nasu shagunan. Kana zaune kana kukan rashin magaji, magada na cire takalmi a ƙofarka.

Mu koma kan auta. Da takardar bautar ƙasa ta fito aka ga Kuros Riba, sansanin Obubra, an ce ka tambayi yaron shago ko a Najeriya take. Ban yi mamaki ba. Aba da Anacha da Legas ka san su ne ta abin da ake sarowa a cikinsu, garin da ba a saro komai kuwa ba ya cikin taswirarka. So ka yi a bar shi a sansanin Kusalla, nan Ƙaraye, inda Hajiya za ta riƙa aika masa tuwo da ɗuminsa. To ba don haka aka yi tsarin ba. An kafa shi a 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, don a ɗauki ɗan Kano a kai shi inda bai taɓa taka ƙafa ba, a kawo ɗan can nan, ko a san juna. Wanda ya sa hannu a dokar kuwa Janar Yakubu Gowon ne, wanda ya tashi a Wusasa. Ka ga nan ma mu ne muka raba ka da ɗanka. Ka zo ka kai ƙara.

Shirin tafiyar kaɗai ya isa littafi. Hajiya ta cika bakko da dambun nama, da kilishi, da yaji, da kuka, da daddawa, da man shanu, har da garin kunu, wai kada ya je ya rasa abin karin kumallo. Kai kuwa kana kai-komo a tsakar gida kana cewa, "Namiji ne, a bar shi ya ga duniya." Cikin dare kuma ka bi duk wanda ka sani mai sayar da yadi a kudu da waya, har ka samo lambar wani mai tsire a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, ka ɗora masa amanar yaro. Bawan Allah ya yi maka bayani cewa tsakaninsa da Obubra tafiyar sa'o'i ce, ka ce ba komai, ya dai riƙa leƙawa. A tasha ka ɗauki hoton lambar mota, ka ɗauki na direba, ka yi wa yaro huɗuba: ya riƙe sallah, kada ya shiga kogi, kada ya ranta wa kowa kuɗi, kada ya dawo mana da mata sai an yi shawara. Sannan ka yi abin da ya sa na ce a duba lafiyarka. Ka biya kuɗin kujera biyu don mutum ɗaya, wai ya miƙe ƙafa. Kamashon tashar ma sai da ya sake tambayarka ko ya ji daidai.

Abin da ya faranta maka rai a sansanin na san shi. Yaron da tun yana ɗan shekara bakwai kake buga wa ƙofa da asuba, kana yayyafa masa ruwan buta, yanzu soja ke busa masa ƙaho tun kafin assalatu, ya fito a guje cikin farin gajeren wando, haka har mako uku. Da ya kira yana kai maka ƙara, dariya ka yi har da tari, ka ce a samo maka lambar sojan ka aika masa yadi goma na shadda. Sai maganar alawus, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa 77,000. Na farko da ya shigo masa, ya turo wa Hajiya dubu goma, ya turo maka goma. Hajiya ta rarraba nata ga dangi da maƙwabta a sa albarka, yadda ake yi da albashin farko. Kai kuwa ka ƙi taɓa naka. Mutumin da ke juya miliyoyi a yini guda, alat ɗin dubu goma ka adana kana nuna wa jama'a bayan hoton hula mai geza. Sannan ka buɗe sabon shafi a bayan littafi, ka rubuta "shiga", ka ja kalkuleta, ka gano cewa in aka ci gaba a haka uwar kuɗinka za ta dawo bayan jikan jikanka ya yi aure. Ka rufe littafin kana murmushi. Wannan ne cinikin asara na farko da na ga ka yi kana godiya.

Yanzu ga gida nan, shiru kamar Kantin Kwari da safiyar idi. Hannun Hajiya ya saba da kwano biyu na shinkafa, ya ƙi koyon gwangwani uku, almajiran unguwa kuwa sun gane, an ce har daga tsangayar ƙetaren titi ake turo sababbi. Kai kuma ka dawo daga kasuwa ka tsaya a ƙofar gida ka danna hon, ka jira, ka sake dannawa, sannan ka tuna, ka fito ka buɗe get da kanka, kana waige-waige ko maƙwabta sun gani. Sun gani. Ɗan aike ya zama na haya, yaran maƙwabta har sun tsayar da farashi, sayo kati daban, sayo ƙanƙara daban, kuma ba sa karɓar tayi, su ma Kanawa ne.

Labarin mita ne ya gama da ni. Kati ya ƙare cikin dare, ga lamba ashirin da za a danna. Hajiya na riƙe da tocila tana karantowa daga waya, kai kana bisa kujera da tabarau a ƙarshen hanci kana dannawa, mita na ta ƙi, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ita ta ce ka tsallake bakwai, kai ka ce ita ta karanta ɗaya. Ƙarshe ka kira Injiniya a Legas wajen sha ɗayan dare, ya bi da kai lamba bayan lamba har fitila ta kawo. Ka sauko daga kujera, ka gyara hula, ka dubi Hajiya ka ce, "Kin ga amfanin boko." Shekara biyar na karatun injiniya ke nan.

A da kai ke kashe talabijin idan suna kallon ƙwallo, wai sun hana ka jin labarai. Yanzu an ce kai ke kunna ƙwallon, ba ka san masu ja daga masu shuɗi ba, don dai a ji ihu a falo. A zauren WhatsApp na gidan kuwa, kullum bayan asuba sai ka saki saƙon murya na minti bakwai, wanda ke farawa da faɗa a kan ɓarnar kuɗi ya ƙare da "kun dai ci abinci ko?" Kada ka ce ni na faɗa maka, na Ingila ya gano maɓallin da ke sa murya sauri. Hajiya kuma ta kama ka zaune a bakin gadon auta da rana tsaka. Ka miƙe da sauri ka ce aunawa kake yi, za a mai da ɗakin sito, zai ci dila arba'in. Har yau ko takalmin ƙwallonsa ba ka bari an ɗauke daga bayan ƙofa ba.

Iyayenmu ba su san wannan ba. A gidan gandu, ɗa ya yi aure sai a ja masa katanga a cikin gida, a yi masa sashensa, gida kullum ƙaruwa yake yi. 'Ya mace ce kawai ke fita, ita ma sau da yawa unguwa ta gaba, a kai ta da kuka da guɗa, ba a jima ba ta dawo wankan jego. Mu ne zubin da muka ɗauki kuɗinmu muka biya aka koya wa 'ya'yanmu aikin da babu shi a unguwarmu, sannan muka tsaya muna mamakin sun tafi inda yake. Nawa sun riga naka watsewa, don haka ka saurari na gaba da kai.

Na ji 'yan majalisarku sun fara hura maka kunne, wai gida ya yi faɗi, a ƙaro ta biyu. Kafin ka amsa musu, ciro kalkuletar nan. In aka haifa maka ɗa baɗi, za ka koma sayen rigar yayen makarantar raino da furfura har gira, kuma ranar da zai saka hula mai geza sai dai a turo ka a keke, in ma ASUU ta yarda. Sannan ka tuna Dakta ce ke riƙe da lissafin jininka, Hajiya ce ke riƙe da gishiri. In amarya kake so, ai kana da ita tuni, jikarka, wadda kake cewa matarka ce duk ranar da aka nuna maka ita a waya. Ta kusa isa yaye, kuma wurin kaka ake kai yaye tun kaka da kakanni. Ita za ta cika maka gida da ihu, ta yaga maka littafi mai baƙin bango, ta zubar da shayin da ba sukari.

Sai dai akwai 'yar matsala. Injiniya ya tsaya ruwan ido, na Ingila yana jera gwangwani, jika ɗaya tilo gare ka, kuma ka san wanda Dakta ta aura. Duk samarin Kano ta tsallake su ta zaɓo Bazazzagi, ɗan cikin ganuwa, kuma ni na yi masa wakilci ranar da ka ce sadaki sai dai a ajiye lakadan, ba ka yarda da alƙawarin mutanen Zariya ba. Yarinya tamu ce, bawana. Kakarta ta nan ma ta shimfiɗa tabarma tana jira. In kana so a kawo yayen Kano, ta hannuna takarda za ta bi, kuma ga abin da za ka haɗo da ita: kuɗin sharar da kake ta noƙewa duk cika-ciki, da turmi guda na 'yar Holan ta gaske wa uwargidana ladan ciyar da auta, sannan ka tsaya a tsakiyar layinku bayan la'asar ka faɗa da ƙarfi cewa Zariya ce ta yaye Kano. Kuma yarinyar ba ta cin gurasa, da fate aka fara mata. Hajiya ta nemo tsaki da rama a kasuwar Rimi tun yanzu. In hannunta bai faɗa ba, zan turo wadda za ta koya mata, kuɗin mota a kanka, kujera biyu.